Mutum ɗaya da lemarsa a duwatsun Karakoram: me ya sa sai shi kaɗai?

Baban Khadija

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ke nan wani al'amari yana yi mini kai-kawo a zuciya, na ga ya dace in kawo shi nan, tunda a cikinmu akwai likitoci da malamai da mazauna ƙasashen waje. A watan Yulin 2016 wani Bafaranshe mai suna Antoine Girard ya shiga duwatsun Karakoram da ke arewacin Pakistan shi kaɗai, ba shi da abin hawa sai lemar shawagi, wato lemar nan mai siffar fiffike wadda ba ta da inji, wadda mutum kan rataya a ƙarƙashinta da siraran igiyoyi. Kwana 19 ya yi yana tashi da rana, idan yamma ta yi ya sauka a gefen dutse ya kafa tanti ya kwana, gari ya waye ya sake tashi daga inda ya kwana, har ya ci tazarar da ta haura kilomita 1,200. A cikin tafiyar ce ya yi sama har mita 8,157, ya wuce ta bisa ƙololuwar Broad Peak mai tsayin mita 8,051, dutsen da masu hawa da ƙafa kan shafe makonni kafin su taka kansa. Ya dawo da yatsun da sanyi ya yi wa illa, amma a 2021 ya sake komawa, ya kai mita 8,407. Domin a fahimci wannan tsayi, dutse mafi tsawo a Nijeriya, Chappal Waddi da ke Jihar Taraba, bai kai mita 2,500 ba.

Tsayin bai dame ni ba kamar yadda kaɗaicin ya dame ni. Na yarda mutumin gwani ne, kuma ba zan ɓoye ba, abin ya burge ni ƙwarai. Sai dai na kasa gane abin da ya hana a tafi mutum biyu ko uku, yadda idan ɗaya ya karye ɗaya zai nemo agaji. Shin kaɗaicin wani sharaɗi ne na wannan harka, ko kuwa neman suna ne kawai?

Malamin Jogorafi, Zariya

Wa alaikumus salam, Baban Khadija. Kafin a yanke hukunci yana da kyau mu san yadda abin yake tashi, domin amsar tambayarka tana da alaƙa da shi. Duk wanda ya taɓa kallon shirwa ko ungulu tana kewaya a sama da hantsi ba tare da ta kaɗa fiffike ba, ya riga ya ga dabarar. Rana ce take gasa ƙasa da fuskar dutse, iskar da ke kansu ta yi zafi ta yi sauƙi, sai ta miƙe sama kamar hayaƙi. Mai lema yakan shiga cikin wannan iskar ya yi ta kewayawa har ta ɗaga shi zuwa gindin gajimare, daga nan ya sulale zuwa dutse na gaba ya nemi wata. Lema mai kyau takan yi tafiyar kusan mita tara zuwa goma gaba a kan kowace mita ɗaya da ta sauko, kuma saurinta na yau da kullum bai wuce kilomita 35 zuwa 40 a awa ba. Wannan yana nufin duk iskar da ta fi haka ƙarfi za ta mayar da mutum baya, ko ta jefa shi bayan dutse inda iska ke murɗewa.

Abin da ya sa Karakoram ta yi suna kuwa shi ne busasshiyar ƙasa ce, daminar Indiya ba ta cika ƙetarowa zuwa can da ƙarfinta ba, saboda haka gindin gajimare yakan yi sama sosai a lokacin zafi. Wahalar ita ce iska tana ƙara sanyi da kusan digiri shida da rabi a duk mita 1,000 da aka hau, don haka mutumin da ya tashi yana gumi a gefen kwari zai iya samun kansa cikin sanyin da ya yi ƙasa da sifiri da digiri ashirin kafin awa guda ta cika. To a irin wannan tafiya, mutum biyu da suka tashi tare ba lallai ne su sauka tare ba. Ɗaya ya dace da iska mai ɗagawa, ɗaya ya makara da minti biyar ya rasa ta, sai yamma ta same su a kwari daban-daban, tsakaninsu tafiyar kwana uku a ƙafa.

Dakta Maman Usman

Na gode wa Malam da wannan bayani, amma ina so in ja hankalinmu ga abin da nake ganin ya fi iska haɗari, wato ƙwaƙwalwar shi matuƙin. A tsayin mita 5,500 iskar oksijin da mutum ke samu a kowace shaƙa ta ragu zuwa kusan rabin abin da yake samu a bakin teku, a mita 8,000 kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku ne. Masu hawa da ƙafa suna ba jikinsu makonni yana sabawa, su hau su sauko, su sake hawa. Mai lema kuwa zai iya haura mita dubu biyu ko uku cikin ƙasa da awa ɗaya.

Mugun halin ƙarancin oksijin shi ne ba ya zuwa da zafi, kuma ba ya sallama. Sau da yawa mutum jin daɗi yake yi, ya ji komai yana tafiya daidai, alhali lissafinsa ya karkace, hannunsa ya yi nauyi, ganinsa ya ƙuntata. A asibiti mun san wannan sarai: majinyacin da oksijin ɗinsa ya yi ƙasa yakan yi gardama yana cewa lafiyarsa ƙalau, har ya nemi cire abin da aka sa masa a hanci, kuma na kusa da shi ne ke fara lura da cewa maganarsa ta canza. Idan dare ya yi a tanti kuma, akwai cututtuka biyu da tsayi ke kawowa, ruwa ya taru a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura. Babban maganinsu shi ne a sauko ƙasa nan take. Wanda ƙwaƙwalwarsa ta fara kumbura yakan yi tangaɗi kamar mai maye, ba ya iya ɗaure takalminsa, balle ya shimfiɗa lema ya duba igiyoyi.

Don haka ni a wurina amfanin abokin tafiya bai tsaya ga nemo agaji bayan an faɗi ba. Babban amfaninsa shi ne ya kalli idonka da safe ya ce maka yau ba ka yi kama da kanka ba, ba za mu tashi ba. Na'urar tauraron ɗan'adam za ta iya aika saƙon neman ceto, amma ba za ta iya faɗa maka wannan ba.

Ɗan Zangon Kumasi

Ni dai na taɓa hawa sau ɗaya, a bikin da ake yi a Kwahu nan Ghana lokacin Ista, wanda aka fara tun 2005. Daga kan dutsen Odweanoma da ke Atibie ake tashi, a sauka a filin wasa na Nkawkaw, kuma ƙwararren matuƙi ne yake bayanka yana riƙe da igiyoyin, kai naka zama ne. Abin da ban manta ba shi ne mun fi awa biyu a zaune muna jira, ni ina ganin sama garau, matuƙin kuwa yana kallon wani ƙyalle da aka ɗaura a sanda yana cewa a dakata. Da muka tashi, shirun da na ji a sama ban taɓa jin irinsa ba, sai ƙarar iska a igiyoyi kawai. Na fahimci abin da ke jan mutane. Amma a can akwai jama'a, akwai motar asibiti, akwai titi a ƙasa, saboda haka ba zan kwatanta shi da abin da Baban Khadija ya kawo ba.

Abu Sadik, Grenoble

'Yan uwa, na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma wannan magana ta shafe ni kai tsaye. Shekara tara ke nan ina tuƙa lema a duwatsun Alps da ke nan Faransa, kuma na yi irin wannan tafiya ta kwana a dutse sau da dama, wasu da abokai, wasu ni kaɗai. Ban taɓa zuwa Karakoram ba, kuma tsakanin abin da nake yi da abin da Girard ya yi akwai nisa mai yawa, amma zan faɗi abin da na sani.

Da farko, Baban Khadija, ba neman suna ne ke sa yawancinmu tafiya mu kaɗai ba. Malamin Jogorafi ya faɗi dalili ɗaya, kuma gaskiya ne. A 2016 ɗin nan wasu matuƙan lema biyu, Gavin McClurg da Dave Turner, sun fara ratsa duwatsun Alaska tare, amma McClurg shi kaɗai ya ƙarasa. Dalili na biyu shi ne abokin tafiya ma yana da nasa haɗarin. Na sha ganin mutum ya tashi cikin iskar da ta fi ƙarfinsa don kawai abokinsa ya riga ya tashi, yana jin kunyar a ce ya tsorata. Idan kana kai kaɗai babu wanda za ka burge.

Sai dai Dakta ta taɓa inda yake mini ciwo, kuma zan ba da labarin da ban cika bayarwa ba. Wata bazara na kwana uku a kan hanya ni kaɗai. Jakata ta kai kilo 17, da lema da ta ko-ta-kwana da tanti da jakar barci da ɗan murhun gas. A dare na uku na sauka a wata makiyaya mai tsayin kusan mita 2,600, na narkar da ƙanƙara na yi alwala na dafa taliyar da ta rage mini, ita ce ta ƙarshe. Da asuba na ji iska tana kaɗa tanti daga bayan dutse. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin iska mai sanyi takan gangaro da dare, sai rana ta gasa gangaren sannan ta juya ta fara hawa. Na jira har ƙarfe goma sha ɗaya ba ta juya sosai ba. Takan lafa na rabin minti ta sake dawowa daga baya. Saukowa da ƙafa zai ci mini awa shida, abinci ya ƙare, gwiwata tana ciwo, kuma gobe ina da aiki. Sai na fara gaya wa kaina cewa rabin minti ya isa. Na shimfiɗa lema, na ɗaura mazauni, na ja, na ruga. Lemar ba ta cika da iska ba, gefen hagu ya naɗe, ta ja ni a kan duwatsu kamar buhu har na tsaya a bakin wani gangare, idon sawuna ya gurɗe, hular kwanona ta tsage.

Babu ƙarancin oksijin na a-zo-a-gani a wannan tsayi. Yunwa ce da gajiya da son komawa gida suka yi mini lissafi, kuma da akwai wani a gefena ba zan iya furta wannan lissafin da baki ba, domin da na ji kaina ina faɗarsa da na gane ba shi da tushe. Wani makiyayin tumaki ne ya hango lemar a yashe, ya hawo da manyan fararen karnukan nan nasu masu gadin garke, ya ɗauki jakata a bayansa, ni kuma na dogara da sandarsa har bukkarsa. Yini guda ya bar garkensa saboda ni.

Ustaz Abu Maryam

Allah ya ƙara kiyayewa, Abu Sadik, kuma mun gode da ka faɗi gaskiya a kan kanka. Ta fuskar addini maganar tana da asali. Ya inganta cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce da mutane sun san abin da ya sani game da kaɗaici, da matafiyi bai yi tafiyar dare shi kaɗai ba, kuma akwai ruwayar da ta nuna mutum uku su ne ayari. Malamai sun bayyana hikimar da cewa wanda yake shi kaɗai ba shi da mai taimakonsa idan ya yi rashin lafiya, ba shi da mai karɓar wasiyyarsa ko mai yi masa sutura idan ya rasu. Amma kuma ya inganta cewa a yaƙin Khandaƙ an aiki sahabi shi kaɗai ya leƙo asirin abokan gaba, wanda ya nuna idan akwai buƙata ta gaske, kuma mutumin ya cancanta, abin ya halatta.

Saboda haka ba zan ce wasan lema haramun ne ba, domin hawan doki da ninƙaya ma suna kashe mutane, kuma ba a hana su ba. Ma'aunin shi ne rinjayen zato. Idan mutum ya ƙware, ya yi tanadi, kuma galibi ana dawowa lafiya, hukuncinsa daban ne da na wanda ya shiga abin da galibi halaka ne, kuma Alƙur'ani ya hana mu jefa kanmu cikin halaka. Abin da nake so Abu Sadik ya duba shi ne ransa ba nasa ne shi kaɗai ba, iyali suna da haƙƙi a kansa, iyaye ma haka. Tawakkali kuwa bayan ɗaure raƙumi yake zuwa.

Tsohon ɗalibin Islamabad

Ina so in ƙara wani ɓangare da ba a cika ambata ba, wato mutanen da ke zaune a ƙarƙashin waɗannan duwatsu. Lokacin da nake karatu a Pakistan na bi babbar hanyar Karakoram har kwarin Hunza, daga baya kuma na je Skardu. Daga Skardu sai a shiga mota mai ƙarfi zuwa Askole, ƙauye na ƙarshe, daga nan kuma sai ƙafa, kusan mako guda a kan daskararren kogin Baltoro kafin a isa Concordia, inda ake hango dutsen K2 mai tsayin mita 8,611 da Broad Peak. Wanda ya sauka a tsakiyar wannan ƙanƙara da karyayyar ƙafa, babu titi, babu waya, ga ramukan da dusar ƙanƙara ta rufe bakinsu. Jirage masu saukar ungulu da ke aikin ceto a yankin na sojoji ne, kuɗinsu yana da yawa kuma ana son a tabbatar da shi tun kafin a tashi, ba sa tashi idan gari ya ɓaci, kuma iska marar kauri tana rage musu ƙarfin ɗauka. Ga shi yankin yana kusa da Siachen, inda sojojin Pakistan da na Indiya suke fuskantar juna tun 1984, don haka ba ko'ina ne baƙo ke da izinin shiga ba.

Idan jirgi bai zo ba, 'yan dako na ƙabilar Balti, mutanen yankin, da makiyaya su ne za su hau neman mutum, da takalman da ba su kai rabin nasa ba. Shi ya sa kalmar kaɗai take ba ni wahala, domin a ranar da abu ya lalace mutane da yawa ne ke biya. Sai dai in yi adalci ga ɗaya ɓangaren, taro ma ba ya tabbatar da ceto. A watan Yulin 2023 wani ɗan dako mai suna Muhammad Hassan ya rasu a kusa da ƙololuwar K2 a ranar da masu hawa da yawa suka bi ta wurin da yake kwance, kuma an daɗe ana muhawara a kan ko da an iya sauko da shi.

Baban Khadija

Na janye maganar neman suna, Abu Sadik, kuma ka yafe mini idan ta yi maka zafi. Na fahimci yanzu cewa ko an tafi tare iska na iya rabawa. Amma labarinka ya ƙara mini ƙarfi a kan ɗaya rabin tambayar, tunda kai da bakinka ka ce da akwai mutum a gefenka da ba ka tashi ba. Kuma wannan a Faransa ne, inda makiyayi ke iya hango ka.

Dakta Maman Usman

Ina so in ƙara misali ɗaya domin kada a ɗauka ƙwarewa tana toshe kowace kafa. A watan Fabrairun 2007, kusa da garin Manilla na Ostireliya, hadari ya zuƙe Ewa Wiśnierska, wadda take cikin gwanayen duniya a lokacin, ya kai ta mita 9,946. Ta suma a sama, ƙanƙara ta lulluɓe ta, sai da lemar ta sauko sannan ta farfaɗo ta sauka da ranta, kimanin kilomita 60 daga inda ta tashi. Wani matuƙi ɗan China, He Zhongpin, ya rasu a cikin wannan hadarin. Ita kuwa tana da abokan tafiya a ƙasa, suka same ta suka kai ta asibiti a ranar. Da a gefen Baltoro ta sauka da wannan daskararren jiki, ita kaɗai, da dare ya same ta kafin kowa ya iso. Abu Sadik, ɗan'uwa, tambayata gare ka ita ce me ka canza bayan abin da ya same ka?

Abu Sadik, Grenoble

Babu abin yafewa, Baban Khadija. Dakta, abu uku na canza. Yanzu ina ɗaukar abincin kwana ɗaya fiye da lissafina, wanda ba na taɓawa sai ranar da iska ta hana tashi, domin na gane yunwa ce ta fara tura ni. Na biyu, kafin in bar gida nakan rubuta sharuɗɗan tashi a takarda, ƙarfin iska da inda take fitowa da lokacin da zan haƙura in naɗe lema, in manna ta a kan jakar na'urorina, saboda wanda ya rubuta ta ya ƙoshi kuma ya yi barci. Na uku, kowace safiya kafin in shimfiɗa lema nakan aika saƙo ta tauraron ɗan'adam ga wani abokina matuƙi, in gaya masa abin da nake gani da abin da nake shirin yi, kuma mun yi alkawari idan ya ce a'a to a'a ce. Sau biyu ya hana ni, sau ɗaya na ji haushi har na kashe na'urar na ɗan lokaci, amma da ƙafa na sauko.

Na san wannan bai amsa maganarki duka ba, domin ba ya ganin idona, kuma a tsayin da Girard ya kwana mutum zai iya rubuta saƙo mai kyau alhali kansa ya fara kumbura. Shi ya sa idan Allah ya nufa na je Hunza, ba zan kwana sama da mita 4,000 ni kaɗai ba. Ustaz, maganar haƙƙin iyali ta shige ni. Maiɗakina ta san kowace hanya da zan bi, amma Hajiyarmu da ke Katsina har yau ba ta san ina kwana a dutse ba, kuma ina da niyyar tafiya ta kwana uku a yankin Queyras na duwatsun Alps a watan Yuni. Zan kira ta ranar Juma'a in gaya mata kafin in sayi gas ɗin murhu.